Abin da Madubin Gefe Ya Ɗauka

Tun daga bakin layi Auta take jin wayarta tana tsuwa a cikin jaka kamar an saki 'yan tsaki. Ba ta ciro ta ba. Ta ratsa tsakanin shagon mai walda da na mai gyaran fanka, ta shiga ɗan lungun da shagonsu yake, tana kaffa-kaffa da ɗan yatsanta da ke naɗe da filasta.

Shagon dai suna ne kawai. Ɗaki ne guda, teburin yankan gilashi ya cinye rabinsa, sauran kuma madubai ne jingine da bango an sa kwali a tsakaninsu. A nan Mai Madubi yake yanka gilashi, ya goge bakinsa, ya ɗora firam, ya zagaye shi da 'yan fitilu. Ita kuma Auta ta ɗauki bidiyo, ta ɗora a shafinsu, ta amsa saƙonnin masu saye. Babu mahalukin da zai biyo ta wannan lungu mai ƙaurin walda don neman madubi. Duk kwastomansu ta waya suke zuwa.

Duk wanda ya san su kuma ya san ba sana'a kaɗai ta haɗa su ba. Baba, mahaifinta, ma ya sani. Ranar da Mai Madubi ya je gaishe shi, Baba ya kalle shi ta saman tabarau ya ce shi ba ya ba da 'yarsa ga wanda ba shi da tsayayyiyar sana'a. Idan shagon ya kafu, ya turo iyayensa a yi magana. Ita kuma Auta sharaɗi ɗaya ya gindaya mata kafin ya bar ta ta buɗe shafin: a ji muryarta, a ga hannunta, amma kada duniya ta ga fuskarta.

Ta riƙe sharaɗin nan da hannu biyu. Ɗaukar madubi a bidiyo ba tare da ya ɗauke ka ba aiki ne, amma ta ƙware. Ta san inda za ta karkata, ta san inda za ta kafa ƙafar da take ɗora waya.

Tana yin sallama Mai Madubi ya yi watsi da abin yankan da ke hannunsa.

"Auta! Kin gani kuwa?"

"Oga, ko gaisuwa babu? Me aka yi, ka fasa wani ne?"

"Bidiyon jiya! Wallahi tun da muka buɗe shafin nan ban taɓa ganin irin wannan ba. Saƙonni har sun hana ni karyawa. Wata ma daga wata ƙasa take tambaya ko muna aikawa." Bakinsa ya ƙi rufuwa. "Ki ce wa Baba ya shirya. Ƙarshen watan nan kawuna zai zo."

Ta harare shi, amma murmushi ya ci ƙarfinta. Ta zauna a kan benci ta ciro wayar. Dubban mutane sun kalla, dubbai sun tura wa wasu. Ta shiga karanta abin da suka rubuta tana dariya.

Dariyar ba ta yi nisa ba.

"Madubin ake sayarwa ko masu madubin?" in ji wani.

"Jama'a ku bar na tsakiya, ku kalli na hagu," in ji wata.

"Allah ka ba mu mai ɗaure mana ciwo irin wannan."

Auta ta yi maza ta koma kan bidiyon.

Madubin jiya na teburin kwalliya ne, mai fuska uku: babba a tsakiya, ƙanana biyu a gefe masu lanƙwasowa. Shi ne irinsa na farko da suka taɓa yi. Ta kafa wayar a inda ta saba, ta kauce wa na tsakiya kamar kullum, ta bar ta tana ɗaukar fitilun suna kamawa ɗaya bayan ɗaya. A daidai lokacin ta dafa wani guntun gilashi ya yanke ta. Mai Madubi ya kama hannunta, ya goge jinin da auduga, ya naɗa mata filasta yana yi mata faɗan rashin kula.

Duk wannan madubin hagu ya kwashe tsaf. Ga hannunta a cikin nasa. Ga fuskarta ɓaro-ɓaro, ta ɗaga kai tana yi masa irin kallon da ko makaho ya san ma'anarsa.

"Mun kalla fa," ta ce. "Oga, mun kalla kafin in ɗora. Har sau nawa muka kalla!"

Sun kalla kam. Sun haɗa kai a kan waya suna neman tsaga, suna neman shatin yatsa, suna duba ko akwai fitilar da ta ƙi kamawa. Mai sana'ar madubi gilashin yake kallo, idonsa ya daɗe da daina ganin abin da ke cikinsa. Abin da ɗan ƙaramin yaro zai hango a kallon farko, su biyun nan sun zura masa ido sun wuce.

Ya karɓi wayar ya kalla. Ya zauna a ƙasa, a cikin garin gilashi, bai ma sani ba.

"Goge shi. Goge shi yanzu."

Ta goge. Sai dai ina! Tuni wasu shafuka sun kwafa, sun yanke madubin tsakiya sun bar na hagu, sun sa waƙar soyayya a ƙasa. Tana cikin nema sai kira ya shigo. Gwaggo ce, yayar Baba, wadda ta riƙe ta tun rasuwar Umma.

"Duk inda kike ki zo gida," Gwaggo ta ce, ta kashe.

* * *

Ta tarar da Baba a falo, a kujerarsa ta kullum, rediyonsa a kashe. Wannan kaɗai ya isa ya gaya mata yadda abin yake. Gwaggo na zaune a gefe ta rafka tagumi, wayarta a kan cinya.

Auta ta durƙusa. Kafin ta buɗe baki Gwaggo ta riga ta.

"Sannu da zuwa, tauraruwa. Mu muna nan muna cewa 'yarmu tana neman halalinta, ashe fim ake yi. Da Manaja bai turo min ba, sai dai in ji a bakin maƙwabta."

Auta ta runtse ido. Manaja! Ɗan ƙawar Gwaggo ne, shi ke kula da wani babban kantin kayan ɗaki a bakin titi. Ya daɗe yana sintiri a gidan da mota mai sanyi da ledar tsaraba, ita kuma ta daɗe tana gaya masa cikin ladabi cewa an riga shi. Mutum ne mai laushin murya, wanda ko baƙar magana zai gaya maka sai ya fara tambayar lafiyar gida.

"Bawan Allah har haƙuri yake ba ni," Gwaggo ta ci gaba. "Ya ce kada a yi miki faɗa, ƙuruciya ce. Ya ce in sana'a kike so, ga shafin kantinsu nan, ki riƙe musu daga ofis, babu mai ganin ko farcenki."

"Ya isa, Yaya," in ji Baba.

Ya cire tabarau ya ajiye. Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da ya fi mata sauƙi.

"Auta, na hana ki karatu?"

"A'a, Baba."

"Na hana ki sana'a? Mutane nawa suka zo nan suka ce na saki 'ya mace a shago da namiji, na ce na san abin da na haifa?"

Hawaye suka ɓalle mata. "Baba, wallahi kuskure ne. Madubin ne mai fuska uku, ban taɓa ɗaukar irinsa ba. Na kauce wa na tsakiya, ban san na gefe yana kallona ba. Ciwo na ji, Baba, ga shi ka gani." Ta miƙa yatsan.

Bai kalli yatsan ba.

"Na yarda kuskure ne. Amma yau da na fito masallaci, wani yaro da na koyar a aji, wanda yanzu yake da 'ya'ya, ya tare ni yana dariya yana min barka. Barkar me? Ban ba da ke ba, ba a zo an tambaya ba, amma gari ya riga ya ɗaura." Muryarsa ta ɗan karye. "Abu ɗaya na roƙe ki. Ɗaya tak."

"Ka yafe min, Baba. Ka dake ni in kana so, amma kada ka yi min irin wannan maganar. Na goge shi, na rantse na goge."

"Kin goge naki. Na hannun mutane fa?"

Ta kifa kai a hannun kujerarsa tana kuka kamar ranta zai fita. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya ce:

"Ki gaya masa ya zo gobe bayan la'asar. Shafin nan da ya jawo, a gabana zai rufe shi gaba ɗaya. In ya ƙi, to ya zaɓa."

Ta shige ɗaki ta faɗa kan gado. Ba a jima ba Gwaggo ta biyo ta da kofin ruwa, ta zauna a bakin gadon tana shafa mata baya. Gwaggo ba muguwa ba ce. Ta yi jinyar Auta, ta goye ta, kuma ta yi imani har zuciyarta cewa gidan da ke da mota ya fi gidan da ke da soyayya daɗewa.

"Sha ruwa. Kuka ba ya gyara komai. Ni tausayinki nake ji, 'yar nan. Yaron kirki ne, ban ce ba. Amma ki duba: in ya ƙi rufewa, babanki ya gama da shi. In kuma ya rufe, waye zai san da shi a wancan lungun? Da me zai riƙe ki? Babanki kin san shi, ba ya ba marar sana'a."

Auta ta ɗago da sauri ta kalle ta.

Gwaggo ta kawar da kai, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta tashi ta fita. Ta san ta faɗi abin da ya kamata ta bari sai gobe.

* * *

Da safe Auta ta kira Mai Madubi. Ta gaya masa sharaɗin Baba, amma kafin ta kai ga maganar Gwaggo ya katse ta.

"Shi ke nan? Shafi kawai? Auta, na ɗauka cewa zai yi kada in sake taka ƙofar gidanku. Ko shagon ya ce in ƙona, zan ƙona."

"Ka tsaya ka ji ni..."

"Babu abin da zan ji. Ni na kama hannunki, ni na jawo. Bari in gyara da kaina." Ya kashe. Ta sake kira bai ɗauka ba, don a ganinsa lallashinsa za ta yi kada ya yi asara.

Haka masoya suke, in sun tashi yin sadaukarwa ba sa jin kira.

Bayan la'asar ya zo cikin fararen kaya masu karin guga, ya cire takalmi tun daga waje. Ya durƙusa nesa da Baba ya gaida shi, ya gaida Gwaggo. Auta na rakuɓe a bakin ƙofar ɗaki, idanunta sun kumbura, wayarta a cinya.

"Baba, laifina ne," ya ce. "Ita ba ta da hannu. Ni ne babba, ni ya kamata in lura. Duk hukuncin da ka yanke na karɓa."

"An gaya maka abin da na ce?"

"An gaya min."

"To bismilla."

Ya ciro wayarsa. Auta tana kallon yatsunsa masu tabon gilashi suna bin allon wayar. A cikin shafin nan akwai bidiyonsu na farko, wanda mutum ɗaya kawai ya yaba, shi ma ƙanin Mai Madubi ne. Akwai matar da ta sayi madubin banɗaki ta jawo musu danginta kaf. Akwai duk mutanen da suka san cewa a bayan shagon mai walda wani yana yanka gilashi.

Ya danna. Ya sake dannawa. Sai ya dakata.

"Yana neman lambar da za a turo." Ya ɗago. "Da layinki aka buɗe, Auta."

Kafin ya rufe baki wayar ta yi ƙara a cinyarta. Idanu duka suka dawo kanta.

"Karanto min," ya ce, har da ɗan murmushin ƙarfafa mata gwiwa.

Ta kalli lambar. Ta kalle shi. Ta kife wayar a kan cinyarta.

"Auta, lokacinta ƙarewa yake yi. Karanto."

"Ba shi mana," in ji Gwaggo. "Me kike jira?"

"Ba zan bayar ba."

Ita kanta ba ta san muryarta za ta fito haka ba. Murmushin ya bushe a fuskarsa.

"Me kika ce?"

"Ba zan bayar ba."

"Auta..." Ya manta a gaban wa yake. "Saboda shafi? Saboda mabiya? Ni na yarda in rasa komai in same ki, ke kuma ba za ki iya rabuwa da shi ba? Ashe haka nake a wurinki?"

Maganar ta soke ta fiye da gilashin shekaranjiya. Ta rarrafo tsakiyar falon, hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

"Kai ba ka gane ba! Na kira ka in gaya maka ka ƙi ɗauka. Kullum haka kake, sai ka yanka sannan ka auna!" Ta juya ga mahaifinta. "Baba, ban taɓa yi maka musu ba tun da aka haife ni. Yau ma ba musu nake yi ba, tambaya ce. Kai ka ce ba ka ba da ni ga marar sana'a. Sana'arsa kuma a cikin wayar nan take. Babu mai zuwa lungun nan, Baba, ko ɗan aike ɓata yake yi. In na ba shi lambar nan, yau za a ce ya yi biyayya, gobe kuma a ce da me zai riƙe ni."

"Ke! Da babanki kike wannan maganar?" Gwaggo ta daka mata tsawa.

"Ke kika gaya min, Gwaggo. Jiya, a bakin gadona."

Gwaggo ta sunkuyar da kai.

Auta ta ɗaga wayar da hannu biyu ta miƙa wa Baba.

"Ga ta. Ka ce min kawai in ya rufe ba za a juyo a ce masa marar sana'a ba. Ka ce za ka karɓi kawunsa ko shagon ya mutu. Wallahi kana faɗa zan karanta masa, in kuma taya shi share gilashin da hannuna. Ka faɗa, Baba. Don Allah ka faɗa."

Baba ya daɗe yana kallonta. Duk unguwa an san shi da abu ɗaya: ba ya faɗin abin da ba zai cika ba, ko da kuwa don ya share hawayen yaro ne. Ya kalli saurayin da ke durƙushe, ya kalli yayarsa, ya dawo da ido kan 'yarsa. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Ba zan iya ce miki haka ba," ya ce a hankali. "Ba zan ba da ke inda za ki sha wahala ba. Kuma ba zan zauna fuskarki tana yawo a shafin da sunan talla ba. Duka biyun ina nan a kansu."

Sai a lokacin Mai Madubi ya gane. Ya kalli wayar da ke hannunsa kamar yau ya fara ganinta. Kafaɗunsa suka sauka.

"Baba, to ka nuna min hanya," ya ce. "Ko wace iri ce zan bi. In buɗe sabon shafi ba da ita ba? In nemi aiki? In yi dako? Ka faɗa min."

"Ba ni zan nemo maka ba, ɗana. Tashi ka je. Ita kuma daga yau ba ta ƙara zuwa shagon."

Ya miƙe da ƙyar. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Ki yafe min abin da na ce, Auta."

Ta toshe bakinta da gefen mayafi, tana jin sa yana laluben takalminsa a waje.

Sai ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida. Aka buɗe, aka rufe. Ta ji wata murya mai laushi tana cewa, "A'a, Mai Madubi, kai ne a nan? Ya kasuwa? Na ga ana ta yi da ku." Ba ta ji amsar da aka ba shi ba.

Gwaggo ta yi sauri ta gyara zama, ta ture kofin ruwa ƙarƙashin kujera.

"Salamu alaikum," in ji Manaja daga bakin ƙofa.

Auta ta ɗago jajayen idanunta ta kafe mahaifinta da su, tana girgiza kai, tana roƙonsa da ido. Baba ya ɗauki tabaransa ya mayar, bai kalle ta ba.

"Wa alaikumus salam," ya ce. "Shigo."